Memuna, Ni Ce Na Juya Maganarki a Dutsen Wales

Zuwa ga Memuna,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ce Rahila, 'yar Jos ɗin nan da kuka zauna aji ɗaya a sakandare, wadda kike kira Sista. Ina nan Plumstead, a London, har yanzu, layi biyu daga flat ɗin da kika sani.

Ba ni da lambarki, ba ni da adireshinki. Na roƙi Mma, mahaifiyarki, ta hana ni, kuma ban ga laifinta ba. Shi ya sa nake rubutu a nan, inda 'yan cocinmu da 'yan ajinmu na dā da mutanenku na zango, Hausawan Ghana, suke karantawa. Wataƙila wani ya tura miki. In kin ga dama ki karanta, in ba ki ga dama ba ki share. Su dai ina so su karanta, domin a gabansu aka ce ke ce mai laifi, kuma shekara fiye da goma sha biyar ke nan ban buɗe baki na ce ƙarya ne ba.

A tsakiyar shekara kika zo daga Kumasi, muna da shekara goma sha huɗu. Malama ta tambaye ki yaren da kuke yi a gida, kika ce Hausa, sai wani ya nuna ni da yatsa. Na ga yadda fuskarki ta washe. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Shekara biyar na yi ina kankare Jos daga bakina. An yi mini dariya a firamare har na daina ɗaga hannu a aji, na koma gida ina gwada magana a gaban madubi har sai da ta fita irin ta 'yan Woolwich. A shekarar da kika zo ne Kelsey ta fara barina in zauna a teburinsu lokacin cin abinci. Kin san Kelsey. Doguwa, mai dariya da ƙarfi, wadda in ta ɗaga gira a kan mutum, aji gaba ɗaya ya bar shi. Na sha wuya kafin in samu kujerar nan, sai ga ki kin zo kina gaishe ni da Hausa a baranda, da babbar murya, kina murna.

Hausarki ta zango ba ta raba mace da namiji. Kowa "shi" ne, ni ma "ka" kike ce mini. Na kwaikwaye ki a gida, Mama, mahaifiyata, ta yi dariya sau ɗaya, sannan ta ce kada ta sake ji.

Amma a bas ɗin komawa gida, in babu 'yan ajinmu, hira muke yi har in wuce tashata. Kina ba ni labarin kasuwar Kumasi, ina ba ki na Farin Gada ta Jos. Ranar Asabar kin sha yi mini kitso a falonku, kaina a cinyarki, Mma tana soya ƙosai tana yi mana faɗan mun cika surutu. Ban taɓa samun ƙawa irinki ba, kafin nan ko bayan nan. Da Litinin ta zo kuma sai in wuce ki a baranda kamar ban san ki ba, ke kuwa ba ki taɓa tambayata dalili ba.

Da aka kawo fom ɗin tafiyar nan ta darasin labarin ƙasa, kwana biyar a sansanin koyon muhalli cikin tsaunukan Wales, babanki ya ce ba zai sa hannu ba. Mma ce ta hau bene har flat ɗinmu ta tambayi Mama ko wurin yana da aminci. Mama ta ce ta kwantar da hankalinta, ai Rahila za ta je. Saboda ni aka bar ki.

Da safen tafiya, a ƙofar makaranta, Mma ta kama hannuna ta sa naki a ciki. Ta ce, "Ga ƙanwarka nan, ka duba mini shi." Ta miƙo robar waakye, shinkafa da waken nan naku na Ghana, da cokali biyu. Ba mu fita London ba kika buɗe robar kina miƙo mini cokali. Kelsey ta toshe hanci daga baya ta ce wani abu ya mutu a motar. Na ce da Turanci ba nawa ba ne, na ɗauki jakata na koma kujerar baya. Kin rufe robar kin ɗora a cinya. Awa biyar muka yi a hanya, ban ga kin ci komai ba.

Sansanin tsohon gidan gona ne na dutse, a ƙasan wani kwari, babu komai kewaye da shi sai ciyawa da tumaki da ruwan sama. An karɓe wayoyinmu a ƙofa. Aka ba kowa rigar ruwa da takalmin hawan dutse mai lamba, da ɗaki guda mai ɗumi inda ake shanya su. Mai koyar da mu wata mata ce 'yar yankin, Bethan, gajeriya mai jan kumatu, wadda ta san sunan kowace ciyawa. Abin da ta fara faɗa mana shi ne a kan dutse ba a barin kowa a baya, ko da kun yi faɗa, ko da ba kwa magana da juna.

Rana ta biyu aka kai mu rafi. Aka ba mu igiyar awo da agogo da lemo guda, mu saki lemon a ruwa mu ga minti nawa zai yi kafin ya kai wurin alama. Duk muna tsaye a gefe muna ƙorafin sanyi, ke kuwa har kin shiga ruwa zuwa gwiwa kin riƙe bakin igiya. Da aka ce mu ɗaga duwatsu mu duba ƙwarin da ke maƙale a ƙasansu, ke kika fara samo wani ɗan mitsitsi mai jela uku. Bethan ta ce wannan ba ya zama sai a ruwa mai tsabta. Kika fara yi mata bayani da Turancinki mai tsayawa, cewa kakarki a ƙauye tana duba abin da ke rayuwa a cikin ruwa kafin ta bari a ɗiba. Bethan ta tsayar da aji duka don su saurare ki. Ban taɓa ganin kin yi magana mai tsawo haka a gaban mutane ba. Idonki yana ƙyalli.

A wannan rafin ne Kelsey ta zame ta faɗa ruwa da baya. Ke ce kusa da ita. Kika kama ta da hannu ɗaya kika tsayar da ita a gaban samarin aji, suna tafi suna dariya. Ke taimako kika yi. Ita kuwa daga ranar ta sa miki ido.

Da yamma ta tarar da ke kina alwala a wurin wanke hannu. Kafin a zuba abinci kowa ya ji cewa kina wanke ƙafa a inda muke goge baki. Daga nan duk lokacin da kika buɗe baki sai wani ya yi kukan tunkiya daga baya. Mista Harris, malamin da ya kawo mu, yakan ce a yi shiru ba tare da ya ɗago kai daga takardunsa ba.

Washegari da safe kika sa ƙafa a takalminki kika ji abu. Kashin tumaki ne, an cika duka biyun. Kin ɗauka Kelsey ce, kuma ita ce. Abin da ba ki sani ba shi ne takalma sun kai talatin a ɗakin, duk iri ɗaya, kuma ni na faɗa mata lambarki. Ba ta matsa mini ba. Tambaya ɗaya ta yi, na amsa.

Kin fita waje kin zubar, kin wanke a famfo, kin sa su a jiƙe. A hanya kika matso kusa da ni kika tambaye ni a hankali me kika yi musu. Na ce ki daina yi mini Hausa a gaban mutane.

Rana ta huɗu ce ranar hawan dutse. An raba mu huɗu-huɗu, kowane rukuni da taswira da kamfas mai nuna alƙibla da usur guda, mu nemi hanya da kanmu daga wata alama zuwa wata, Bethan tana jiranmu a ta ukun. Mista Harris ya haɗa ki da ni saboda yare, ni kuma ina tare da Kelsey da wata Jade wadda duk abin da Kelsey ta ce shi ne nata. Taswira tana hannun Kelsey. Usur yana aljihuna.

Mun wuce alama ta biyu, muna bin wata tsohuwar katangar duwatsu, sai na ga kina tafiya a takure. Kika ja hannun rigata. Duk da abin da na faɗa miki jiya, Hausar kika yi, don ba maganar da za ki iya yi da Turanci ba ce. Kika ce, "Sista, abin mata ya zo mini. Ka tsaya mini nan kaɗan, in gyara a bayan bango. Kada ka gaya musu."

Na ce to, je ki.

Kina zagayawa bayan katangar na juya na faɗa musu. Ban tsaya nan ba, har na kwaikwayi tafiyarki. Kelsey ta yi dariya har ta durƙusa. Ita ce ta ce mu matsa gaba mu ɓuya, ki fito ki ga wayam, mu ga yadda za ki yi. Muka gangara bayan wasu manyan duwatsu muka tsugunna muna toshe baki. Sai ta ce sanyi ya yi yawa, mu ci gaba, ai za ki biyo mu.

Ba mu yi minti goma da tafiya ba gajimare ya sauko a kan dutsen. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yanzu kana ganin kwari da tafki a ƙasa, yanzu kuma ba ka ganin wanda ke taku biyar a gabanka. A cikin farin nan na ji muryarki daga sama. Ba Kelsey kika kira ba, ba malami ba. Sunana kike kira, kina ƙarawa da Sista. Na sa hannu a aljihu na riƙe usur ɗin. Da na busa sau ɗaya da kin san inda muke. Kelsey ta kalle ni ta ɗaga gira, na fito da hannuna babu komai.

Na ƙirga. Sau bakwai na ji, kowane ya fi na baya nisa. Daga nan sai iska.

Da muka iso wurin Bethan ta ƙirga mu ta ga uku. Kelsey ta ce kin yi fushi kin ƙi bin taswira, kin kama hanyar tafki ke kaɗai, mun kira ki kin ƙi juyowa. Bethan ba ta yarda da ita nan take ba. Ni ta juyo ta kalla, ta dafa kafaɗata, ta ce ni ce ƙawarki, in nuna mata daidai inda na gan ki a ƙarshe. Katangar tana hagu. Tafkin yana dama. Na ɗaga hannu na nuna dama.

Saboda hannun nan nawa aka yi awa biyu ana nemanki a inda ba kya nan. Mu an gangara da mu sansani an ba mu shayi mai zafi da biskit, an lulluɓe mu da barguna, ana ce mana kada mu damu, mun yi abin da ya dace. Na sha shayin.

Wani makiyayi ne ya same ki, karensa ya ja shi. Kin bi inda kike zaton mun bi, kin faɗa taɓo har ƙugu, kin fito babu takalmi ɗaya, sannan kin zame a kan dutse idon sawunki ya karye. Da jan ciki kika koma gindin katangar, wurin da na ce zan tsaya miki, domin kin ce a ranki dole zan dawo nan. Na gan ki ta taga lokacin da aka shigo da ke farfajiya a kan gadon ɗaukar marasa lafiya kafin a wuce asibiti. Leɓunanki sun yi toka, ɗankwalinki ya zame, wandonki duk laka da jini, samari suna leƙe.

Washegari da hantsi aka dawo da ke, ƙafa a naɗe cikin filasta. Mista Harris ya zaunar da ke a ɗakin cin abinci da fom a gabansa, yana so ya rubuta rahoto kafin mota ta zo. Turancinki ya gudu. Kina fara magana sai haƙoranki su haɗu. Ya gaji da jira, ya aika a kira ni in fassara.

Da na shigo kin ɗago kin kalle ni, kuma wallahi Memuna babu fushi a idonki. Murna ce, irin ta wanda nasa ya iso. Kin ɗauka kuskure ne, kin ɗauka gajimare ne ya raba mu. Kika ce, "Sista, ka gaya mishi. Na ce ka tsaya mini a bango. Na fito ban ga kowa ba. Na kira ka har murya na ya mutu."

Na juya wurin Mista Harris na ce masa da Turanci kin ce kina ba da haƙuri, kin so ki kaɗaita ne shi ya sa kika bar mu, kuma ba za ki sake ba.

Kina jin Turanci. Faɗinsa ne yake miki wuya, amma ji kina ji sarai. Na ga lokacin da maganar ta shige ki. Bakinki ya ɗan buɗe, kika dube ni daga sama har ƙasa kamar an kawo miki wata baƙuwa. Ya tambaye ki ko haka ne. Kika gyaɗa kai. Ya rubuta. Mu uku, ni da Kelsey da Jade, muka sa hannu a ƙasa, ya gode mini, ya ce ban san irin sauƙin da na kawo masa ba.

Bethan tana tsaye a bakin ƙofa duk lokacin. Da zan fita ta tare ni ta ce maganar da kika yi ta fi wadda na fassara tsawo. Na ce haka yarenmu yake. Ta daɗe tana kallona, sannan ta matsa na wuce.

A motar komawa an ba ki kujerun gaba biyu saboda ƙafar. Mu a baya muna wasan kati. Kelsey ta raba alewa, ta ba ni biyu.

Sauran kin fi ni saninsa. Makaranta ta aika wasiƙa gida cewa kin karya doka kin jefa rayuwar mutane cikin haɗari, aka dakatar da ke mako guda. Babanki ya ji kunya a masallaci da wurin aiki, ya ce dama ya faɗa, ƙasar nan ta fara ɓata ki. Ni kuwa a taron asambili aka kira sunana aka ba ni satifiket na taimakon 'yar'uwa a lokacin wahala. Aka tafa. Mama ta sa shi a gilashi ta rataye a falo.

Bayan kwana uku Mma ta zo flat ɗinmu da kwanon tuwo da miyar ayoyo, ta ce ta zo gode wa Rahila. Ta ƙi tafiya sai an zuba mini. Ta zauna a kujera tana kallona, ni kuma na ci.

Kin dawo makaranta da sanda na 'yan makonni. Ba ki sake gaishe ni ba, ba ki kuma faɗa wa kowa komai ba. Kin daina hawa bas ɗinmu. Ana cire filasta babanki ya saya miki tikitin jirgi ya mayar da ke Kumasi wurin gwaggonki. Ban je sallama ba. Da na ji kin tafi, abin da na ji a raina sauƙi ne, kuma ina so ki san haka, don kada ki ɗauka na kwana ina kuka. Kafin ƙarshen shekarar Kelsey ta kore ni daga teburinsu a kan wani abu da ban ma tuna ba yanzu.

Na gama makaranta, na karanta aikin jinya, ina aiki a wani asibiti a Camberwell. Na yi aure, ina da 'ya ɗaya. Ina koyar da yara a coci ranar Lahadi. Mutane suna cewa ina da kirki, kuma na saba da jin haka har na kusa yarda.

Watanni biyu da suka wuce na ga Mma a layin masu jiran likitan ido. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma ita ta fara gane ni. Muka gaisa kamar babu komai. Na koma bakin aiki na kasa yin komai har wata abokiyar aikina ta karɓi allurar da zan yi. Ranar Asabar na sayi lemo da madara na tafi flat ɗinta a Woolwich. Na durƙusa a kan kafet na faɗa mata komai, takalmi da katanga da usur da hannun da na nuna da fassarar. Na yi kuka sosai. A raina ina jira ta kaɗu, ko ta zage ni, ko ta ɗaga ni ta ce ya wuce.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tun ranar da kika dawo kin faɗa mata. Ta faɗa wa babanki, ya ce ga takardar makaranta da hannun yara uku, har da 'yar da ita da kanta ta ce amintacciya ce. A lokacin kuma takardunku na zama suna hannun hukuma, ba wanda yake so a ji sunan gidan a wata rigima. Na tambaye ta to me ya kawo ta gidanmu da tuwo. Ta ce, "Na zo in ga ko ka iya ci. Ka ci, har ka ƙara."

Daga bakinta na ji cewa ƙashin bai haɗu daidai ba, kina ɗingishi har yau. Ba ki koma makaranta ba bayan shekara ɗaya a can. Kina sayar da atamfa a kasuwa, kina tsaye tun safe, in damina ta zo ƙafar tana kumbura har sai an kai ki gida a mota. 'Ya'yanki uku. Babanki ya rasu yana ganin ke ce kika ba shi kunya. Wannan ne abin da ba zan iya gyarawa ba ko da duk London ta karanta wasiƙar nan.

Na roƙi lambarki. Mma ta ce ta taɓa ambata miki sunana sau ɗaya, kika ce ba ki san mai sunan ba. Ta mayar mini da lemon da madarar a leda, ta raka ni har ƙofa, ta ce in gaida Mama.

Na faɗa wa Mama ranar Lahadi bayan sujada a coci. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta hau kujera da tsufanta, ta sauke gilashin daga bango, ta kife shi a kan tebur. Ta ce da bakinta ta ce wa matar nan ta bar 'yarta ta tafi. Tun ranar in na kira ta gaisuwa kawai muke yi.

Kelsey tana nan. Nakan gan ta a kasuwar Woolwich tana tura keken jariri. Makon jiya na tsayar da ita na tambaye ta ko ta tuna da ke. Ta yi tunani, ta ce wai yarinyar nan da ta ɓata a dutse? Ta yi dariya ta ce tafiyar ta yi daɗi. Ba ta tuna sunanki ba. Na so in ji haushinta, amma ita ba ta taɓa ɗora kai a cinyarki ba, ba ita aka damƙa wa hannunki ba.

Ga duk wanda ya taɓa jin labarin nan a zango ko a coci ko a makaranta: Memuna ba ta bar kowa ba, ba ta karya doka ba, ba ta ba da haƙuri ba domin ba ta yi laifi ba. Ta roƙi alfarmar minti biyar a wurin ƙawarta. Wanda ya san 'yan'uwan babanta ya faɗa musu.

Memuna, 'yar'uwata. Na yi ƙoƙarin roƙon Allah ya sa ki yafe mini, bakina ya ƙi, domin na gane ko a addu'ar ma kaina nake nema wa sauƙi. Ba sai kin amsa ba. Ba sai kin tuna ni ba. Na so dai in gan ki sau ɗaya daga nesa, kina auna yadi kina ciniki da babbar muryar nan taki, in tabbatar ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Allah ya sassauta miki ciwon ƙafar nan, ya kawo miki kasuwa, ya ba ki kujerar zama da mai taya ki. Allah ya jiƙan babanki, ya sanar da shi a inda yake abin da bai sani ba a duniya. Allah ya ƙara wa Mma lafiya da hasken ido. Allah ya raya miki yaranki, duk inda suka shiga baƙunta ya haɗa su da mai tsoronsa. Ni kuma ya yi mini hukunci yadda ya ga dama, ba ni da abin cewa. Amin.

Taki, in kin yarda,
Rahila
Plumstead